Kiɗan gargajiyar Whitetop da hawan Dutsen Rogers: ta ina ake farawa?

Baƙon Dutse:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wanda zai je kudu maso yammacin jihar Virginia ta Amurka a watan Agusta, yana son ya ji kiɗan gargajiyar mutanen duwatsu a ƙauyen Whitetop, ya kuma hau ƙololuwar Dutsen Rogers, yaya zai tsara tafiyar? Kuma in ya riƙo banjo mai fata, wato kayan kiɗa mai tsirkiya dangin molo, raɓar can ba za ta lalata ta ba?

Mai Tsirkiya:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara raba wannan kiɗa da bluegrass, wani salon kiɗan Amurka mai kama da shi, don sau da yawa ana haɗa su. Wannan kiɗan rawa ne. Goge irin na Turawa ke ja gaba, banjo na bin sa, jita na riƙe ƙasa, kowa na kaɗa karin tare, ba a ba wani fili shi kaɗai ya nuna gwaninta. Yawancin kare-karen gaɓa biyu ne, a yi ta farko sau biyu, ta biyu sau biyu, a koma, har masu rawa su gaji.

Banjon tsirkiya biyar gare ta, ta biyar ɗin gajeriya ce, ta babban yatsa. Ba a fizgo tsirkiya sama. Ana lanƙwashe hannu kamar an riƙe ƙwai, a bugi tsirkiya ƙasa da bayan farcen manuniya ko na tsakiya, babban yatsa ya sauka kan gajeriyar a bugu ɗaya, sannan ya sake ta. Ƙarfin daga wuyan hannu yake fitowa. Sabon shiga yakan riƙa miƙe yatsan yana lanƙwashewa, nan take kiɗan ke rasa nauyinsa. Wanda ya taɓa kallon mai molo ba zai ga baƙon abu ba: bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka kai asalin banjo can, kuma akonting, molon Jolawan Sanagal da Gambiya, har yau da irin wannan bugu ake kaɗa shi.

Saitin tsirkiya kuwa, kowane harafi muryar tsirkiya ɗaya ce: na G shi ne gDGBD, sai gCGCD da ake ɗaga shi mataki biyu don karin D. Masu goge sukan koma AEAE in za a yi na A. Shi ya sa in aka zauna a D sai a daɗe a nan. Kada baƙo ya nemi karin wani saiti a tsakiyar zama, zai sa mutum goma murɗa tsirkiya.

Ɗan Ƙafa:
Bari in ɗauki ɓangaren dutse. Rogers shi ne mafi tsayi a Virginia, mita 1,746, amma ka sani ƙololuwarsa kurmi ce, itatuwa sun rufe ko'ina, ba ka hango komai. Kallon yana kan hanya. A tashi daga Massie Gap cikin gandun Grayson Highlands, a bi hanyar ƙafa ta Appalachian mai farin fenti a jikin duwatsu da itatuwa. Bayan rumfar Thomas Knob kaɗan sai a kama reshe mai shuɗin fenti, kamar mita 800 zuwa sama. Zuwa da dawowa kusan kilomita 14, a ware awa biyar zuwa shida.

A fita da sassafe, domin a bazararsu hadari da tsawa da yamma suke tasowa, kuma yawancin hanyar fili ne fetal babu mafaka. Ruwa lita biyu, rigar ruwa, da rigar sanyi ko da ƙasa ana zufa: kowane mita 1,000 na hawa zafi kan ragu da digiri shida ko fiye kaɗan. Akwai ƙananan dawakai sake a wurin. An hana ba su abinci, suna cizo suna harbi.

In hange ake so ba wahala, Dutsen Whitetop ne, na biyu a tsayi. Mota na kaiwa kusa da samansa ta hanyar tsakuwa. Nan aka riƙa yin bikin kiɗan White Top daga 1931 zuwa 1939, har Eleanor Roosevelt, matar shugaban Amurka na lokacin, ta halarta a 1933.

Makaɗin Zaure:
Kan batun fata, Malam, raɓa ba ta lalata ta, saki take sa ta yi. Jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kan fatar, ya nutse, tsirkiya ta kwanta kan wuya tana zirr, murya ta dushe. Mafi sauƙi a riƙe jaki na biyu da ya ɗan fi tsayi. In dole sai an ɗaure fatar, rubu'in juyi ga kowace ƙugiya mai jan ta, ana tsallakawa zuwa wadda ke fuskantarta don jan ya daidaita. Da an sauko wuri mai bushewa a sassauta, in ba haka ba fatar ta ja ta tsage. Kada kuma a bar ta a rufaffiyar mota cikin rana, gam ɗin zai saki.

Ka daidaita tafiyarka da taron masu goge na garin Galax, wanda ake yi tun 1935, mako na biyu na Agusta a filin Felts. Daga Whitetop fiye da awa ɗaya ne a mota, hanyar duk kwana-kwana. Gasar dandamali na da kyau, amma ainihin kiɗan yana tsakanin tantuna da dare. A Whitetop kuma sunan da za ka yi ta ji shi ne Albert Hash, maƙerin goge kuma makaɗi da ya rasu a 1983, wanda ya koyar da da yawa daga masu kiɗan yankin.

Mai Tsirkiya:
Ƙari kaɗan: in mai goge ya ɗaga ƙafa ɗaya, zagayen ƙarshe ke nan, a tsaya tare.