Hannuna na dama yana mutuwa saboda aikin editin, me zan fara gyarawa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Editin bidiyo ne sana'ata, da manhajar Premiere Pro nake aiki a laftop, na jona masa wani babban sikirin a gefen dama. Kwanan nan wuyan hannuna na dama yana min zogi, babban yatsa da manuniya da na tsakiya kuma suna yin minjirya. Wani lokaci har cikin dare yake tashina, sai na yi ta yarfa hannun kafin ya saki. Kafaɗa da wuya ma sun riƙe. Teburina ya ɗan yi sama, kujerar kuma ba mai hawa da sauka ba ce. An ce in sayi maus mai tsaye. Zai yi maganin abin, ko kujera zan fara canzawa?

Wani tsohon edita: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka sayi komai, gobe ka lura da hannunka in kana aiki. Na tabbata da maus kake jan taimlayin, wato layin da ake jera guntayen bidiyo, gaba da baya, da shi kake ɗauko reza ka yanka, da shi kake jawo kilif, wato guntun bidiyo, ka rufe gurbi. Yatsa ɗaya na danne, hannu a ƙage, kana neman firem guda, wato hoto ɗaya cikin jerin hotunan bidiyon. Wannan riƙon shi ke cin hannu, ya ma fi yawan dannawa illa. Ka mayar da aikin kan kibod. J baya, K tsayawa, L gaba, in ka ƙara danna L gudun ya ƙaru. I da O su sa maka farko da ƙarshen abin da za ka ɗauka. A Premiere, Q na datse abin da ke bayan layin kallo, wato alamar da ke nuna inda kake a bidiyon, har zuwa yankan da ya gabata, W na datse na gaba, kuma su rufe gurbin da kansu. J, K da L ɗin nan suna aiki a manhajojin editin na DaVinci Resolve da Final Cut ma. Farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu, aiki zai yi nawa. Ka daure, hannun hagu ma ya ci gumin sa.

Wata 'yar uwa mai aikin gashin ƙashi: Sannu malam, Allah ya ba da lafiya. Shawarar Yaya tana kan hanya, amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne tashin dare da waɗannan yatsu uku. A wuyan hannu akwai wata matsattsiyar kafa, ƙasusuwa ta ƙasa, tauraren zare ta sama. Igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu ne ke bi ta cikinta, tare da jijiya guda mai kai ji zuwa babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na huɗu. In wurin ya kumbura, ko hannu ya daɗe a lanƙwashe, jijiyar ce ke shan matsi. Da dare yakan tsananta ne domin yawancinmu hannu a naɗe muke barci. Da ƙaramin yatsa ne ke mutuwa, da sai in ce a duba gwiwar hannu, wata jijiyar ce daban, kuma masu dogara gwiwa kan tebur ko hannun kujera ne suka fi fama da ita.

Ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba, ka je likita ya duba. Akwai gwajin da ake auna saurin saƙo a jijiya, kuma akan bincika ciwon suga da matsalar maƙoƙo, don su ma suna jawo shi. Sau da yawa abin da ake fara bayarwa shi ne takalmin hannu da ake ɗaurawa lokacin barci don ya tsaya a miƙe. In ka ga abu na suɓuce maka, ko maɓallin riga na ba ka wahala, ko tudun naman gindin babban yatsa ya fara lotsawa, to kada ka ƙara kwana.

Wani ɗan uwa: Ni dai maus mai tsaye ya taimake ni sosai. Kamar za ka gaisa da mutum kake riƙe shi, dantse ba ya murɗewa. Ka saya kawai.

Tsohon editan: A'a, kada a ce masa kawai. Wasu ya yi musu daidai, wasu ciwon ne ya tashi daga wuyan hannu ya koma babban yatsa saboda matse shi da suke yi. Haka alƙalamin Wacom da ake amfani da shi maimakon maus, haka maus mai ƙwallo da ake juyawa da yatsa. Kowanne sauya wurin da nauyi ke sauka yake yi. In tebur ya yi sama, ko me ka ɗora a kai hannu a lanƙwashe zai zauna.

Wani mai haɗa sauti: To bari in shigo ta nan, don tebur ɗin ne tushen matsalar. Zauna ka saki kafaɗa, gwiwar hannu ta rataya kusa da haƙarƙari, ka lanƙwasa ta tsakanin digiri 90 zuwa 120. Inda tafinka ya tsaya, nan ya kamata kibod da maus su kasance. Tunda kujerarka ba ta hawa, ɗora matashi mai tauri ka ɗaga kanka, sannan ka sa wani abu ƙarƙashin ƙafa don tafin ya zauna daram, kada ya yi lilo. Ƙaramin tawul a naɗe a kwankwaso ya isa ya tallafi baya.

Wuyanka kuwa sikirin ɗin gefe ne ya riƙe shi, yini guda kana waige. Wanda ka fi kallo shi za ka sa a gabanka sosai, nisan kamar miƙa hannu, wato daga santimita 50 zuwa 100, bakinsa na sama daidai ido ko ƙasa kaɗan. Laftop ba ya gyaruwa shi kaɗai: in sikirin ya yi daidai kibod ya yi sama, in kibod ya yi daidai ka duƙa. Ɗaga shi kan wani abu, ka nemi kibod na daban. In za ka nema, ɗauki marar ɓangaren lambobi na dama, don wannan ɓangaren ne ke tura maus can nesa har kafaɗa ta buɗe. Ƙananan ƙafafun nan na bayan kibod kuma ka kwantar da su, ɗaga wuyan hannu suke yi. Sai ka ƙara saurin kibiyar maus a saitin kwamfuta, ka daina share rabin tebur don tsallaka sikirin biyu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, zan je asibiti cikin satin nan in sha Allahu. Tambaya ɗaya: ina da ɗan matashin nan mai laushi da ake sawa gaban maus, a kansa nake ɗora hannu. In ci gaba?

'Yar uwa mai gashin ƙashi: Ya danganta da inda yake taɓa ka. In daidai lanƙwasar wuyan hannu yake, inda ake jin bugun jini, to saman jijiyar kake dannewa, ka cire shi. Dunduniyar tafi ake ɗorawa, shi ma lokacin da ka tsaya. In kana motsa maus, daga gwiwa motsin zai taso, ba ka kafa wuyan hannu wuri ɗaya kana juya shi hagu da dama ba.

Sai hutu, wanda na san ku editoci ba kwa so. Gajeren hutu akai-akai ya fi dogo guda ɗaya a ƙarshen yini. Duk bayan kamar rabin awa ka saki maus, ka miƙe, ka zubar da hannuwa. Ido kuma duk minti 20 ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20.

Tsohon editan: Kuma in ka sa renda, wato kwamfuta na sarrafa bidiyon, tashi. Kada ka ɗauko waya kana gungurawa da wannan babban yatsan, ka ce hutawa kake yi.