Hutun zaɓe da albashi: abin da ƴan uwa a Legas suka ba da shawara

Mun tattauna batun dokar da za ta tilasta wa masu kamfani su ba ma'aikaci lokacin zuwa zaɓe ba tare da an yanke mai albashi ba. A Kanada awa 3 a jere doka ta bayar, a Kalifoniya ta Amurka kuma har awa 2.

Wasu suka ce ai mu ranar Asabar muke zaɓe, meye amfaninta? Masu gadi suka ce wallahi su ta shafa, domin ranar ma suna bakin get, kuma yawancinmu a Arewa muka yi rijista, awa 3 ba za ta kai mutum Kano ba.

Shawarar da ta fi ƙarfi, kowa ya je wurin INEC da wuri ya maido da rijistarsa nan, Agege ne ko Mile 12, tun kafin a rufe. In ba hali, a gaya wa oga tun da sauran lokaci, a yi musayar duti da abokin aiki. Kuma in za a yi dokar a sa kamfanonin gadi a ciki.

Ni ƴan dako ne suka tsaya min a rai, ba su da albashi balle a biya su, ranar da ba a fita ba ba ko sisi.