Taƙaitawar tattaunawa kan yadda hanji ke tsotsar bitamin E

1. Kusan kowa ya yarda cewa bitamin E a cikin mai yake narkewa, don haka ƙaramin hanji ba ya tsotsarsa yadda ya kamata sai da maiƙo a cikin abinci da kuma ruwan matsarmama da hanta ke samarwa.

2. Daga bangon hanji, ana ƙunshe bitamin E cikin ƙwayoyin kitse da ake kira kailomaikiron, waɗanda ke bi ta hanyoyin limf (jijiyoyin da ke ɗauke da wani ruwan jiki da ba jini ba) kafin su shiga jini. A hanta ne ake tankaɗe da rairaya, domin cikin nau'o'insa 8, alfa-tokoferol kaɗai wani furotin na musamman ke fifitawa ya mayar cikin jini, sauran kuwa a sarrafa su a fitar. Wannan bayani, a ganina, shi ya fi amfani.

3. Masu ciwon hanta ko matsalar narkar da mai sun fi fuskantar ƙarancinsa.

4. An rabu kan shan ƙwayoyinsa. Wasu sun ce abinci ya isa ya ba baligi miligiram 15 a rana, wasu sun goyi bayan ƙari, amma an gargaɗi masu shan maganin tsinka jini su fara tuntuɓar likita.