Na gama ginin gida, amma zuciyata ba ta ƙoshi ba

Ɗan Bukuru:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Shekara 9 ina sayar da dankalin turawa a kasuwar Farin Gada a Jos, ina zubin adashi, ina sayen bulo kaɗan-kaɗan, har Allah ya sa na gina ɗaki uku. Ana saura mako biyu Kirsimeti muka tare. Fasto ya zo ya yi addu'a, matata har da hawaye. Ko wata ba a yi ba murnar ta gushe. Yanzu da dare ina kwance ina lissafin kuɗin katanga, da safe idona na kan motar maƙwabcina. Sujadar Laraba kuwa na sha barinta saboda kasuwa, ina cewa sai na gama gini. Rashin godiya ne ke damuna, ko me?

Mama daga Kafanchan:
Ɗana, sannu. Ni shagona na hatsi gobara ta cinye, ko buhu ɗaya ban fitar ba. Na yi wata uku ko addu'a ba na iya yi. 'Yan Zumuntar Mata ne suka riƙa zuwa, wannan da mudun masara, waccan da manja, su zauna mu yi waƙa. A nan wata ta karanta mini Filibiyawa 4:11. Ka lura, Bulus cewa ya yi ya koyi wadar zuci, kuma a ɗaure yake lokacin da ya rubuta. Koyo ne, ba a kwana ɗaya ake samu ba. Ni har yau ina koyo, shagon ma ban sake buɗewa ba.

Wani dattijon ikilisiya:
Gina gida ba zunubi ba ne, ka gode wa Ubangiji. Sai dai ka ɗora wa gidan kayan da ba zai iya ɗauka ba. A Yohanna 4 Yesu ya gaya wa Basamariyar nan cewa mai shan ruwan rijiya zai sāke jin ƙishi. Da ta gane shi, tulun ma a can ta bari. Bari in tambaye ka: kuna addu'ar iyali a sabon gidan?

Ɗan Bukuru:
Baba, gaskiya ba ma yi. A gidan haya kullum muna yi kafin in fita kasuwa, yara a kan tabarma. Tun da muka tare ba mu yi ko sau ɗaya ba. Mama, na gode, Allah ya mayar miki da alheri. Yau zan yi magana da maman yara.