Masu rage ƙiba a Maradi: ya kuke yi da mangwaro?

Uwar Biyu, Mokoyo:
Salamu alaikum jama'a. Tun bayan ƙaramar salla nake ƙoƙarin rage jiki, gwiwoyina sun fara ciwo, likita kuma ya ce jinina na neman hawa. Na rage tuwo da shinkafa. To ga bazara ta kama, mangwaro ya cika gari, maƙwabciyata ta ce in bar shi kwata-kwata, har da ayaba da kankana, wai duk sukari ne. Don Allah wanda ya bi ta nan ya faɗa mana abin da ya gani a jikinsa.

Tela, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ban bar ko ɗaya ba, kuma tumbina ya sauka. Aikina na zama ne, wuni nake kan keke, shayi kuma a bakin shago daga na fari har na uku, safe da yamma. Kowa ya san sukarin da ake zuba wa butar nan. Na koma ƙaramin kofi ɗaya, fura kuma da nono kawai nake dama ta, ba sukari. Mangwaro ɗaya da la'asar, kullum.

Ma'aikaciyar jinya, Ali Ɗan Sofo:
Yaya, maƙwabciyarki ta haɗa abubuwan da ba ɗaya ba. A giram 100, kankana na da sitaci da sukari wajen giram 8, lemu 12, mangwaro 15, ayaba 23. Dafaffiyar shinkafa kuwa wajen 28, kuma wa ke tsayawa a giram 100 na shinkafa? Faranti guda ya ninka haka sau uku ko huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Inda nake jan kunnen mutane shi ne dabino, shi ya kai giram 75 saboda ruwansa ya bushe, sai zallar zaƙi. Uku sun isa. Sai kuma matsewa: in kika niƙa mangwaro uku kika tace, kin zubar da tuƙar da ke riƙe ciki, kin shanye sukarin a kurɓi kaɗan, bayan awa guda yunwa ta dawo. Ni da kaina da haƙori nake cinsa, kuma da ya shiga sai in rage malmalar dare.

Baban Yara, Bagalam:
Malama, gaskiya ne, amma a yi hattara. Ni ina da ciwon suga, ina aunawa a gida. In na ci nunannen mangwaro babba da safe ciki wayam, sai in ga ya hau sosai. Rabi bayan abinci, ko tare da gyaɗa, bai cika tayar min da shi ba. Masu irin lalurata kada su ɗauki ma'aunin masu lafiya, su koma wurin likitansu.

Mai lambu, Jiratawa:
Ku nemi gwaiba, wadda ba ta yi laushi ba. Tauna ta kaɗai aiki ne, biyu sun tsare ciki. Uwargidana da gwaiba da kwaɗon zogale ta rage jiki, ta sa ƙuli kaɗan, ta daina zuba masa mai. Zogale kuwa ga shi nan a gonakinmu, ba tsada.

Amarya, Zariya:
Ni wahalata ta dare ce. Gidanmu kwano ɗaya ake ci, in ka tsame hannu da wuri sai uwar miji ta ce ko abincin ne bai yi ba. Yanzu kafin a sauke tuwo nake cin yankan kankana ko gwanda, sai in ga loma kaɗan ta ishe ni, miya kuma na sha da yawa. Zanena ya fara zagayowa.

Uwar Biyu, Mokoyo:
Allah ya saka da alheri. Zan bar mangwaro ɗaya a rana, zoɓo mai sukari ne zan sallama. Malama, goriba da magariya fa? Yara na kawo min su kullum, cikin lissafin dabino zan sa su?