Jama'a me za mu kira cerebellum da Hausa? Gobe zan shiga shiri

Maman Hanif: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 10 ina da shirin lafiya a rediyo, likita zai yi bayanin toshewar jijiyar jini a cerebellum, ni kuma zan riƙa mayarwa Hausa don shi Hausarsa ba ta nuna ba. Ban son in yi ta cewa "wani sashe na ƙwaƙwalwa" har a tashi. A taimaka don Allah.

Abu Zainab: Ƙaramar ƙwaƙwalwa kawai. Ma'anar kalmar ke nan a Latin, Larabawa ma mukhaikh suke cewa, ƙaramin mukh.

Nas Rabi: Kai Abu, a rediyo fa? Ka ce wa tsohuwa mijinta ya samu matsalar ƙaramar ƙwaƙwalwa, wallahi ji za ta yi kamar an ce dolo ne. Ai zagi ne a wajenmu. Mu a asibiti ƙwaƙwalwar ƙeya muke ce wa 'yan jinya, ka dafa ƙeyarka ka nuna musu, nan take su gane.

Dokta Sada: Sista Rabi ta kusa, sai dai akwai gyara. Sashen gani na babbar ƙwaƙwalwa shi ma a ƙeya yake, cerebellum tana ƙarƙashinsa ne a bayan kututturen ƙwaƙwalwa da ke haɗuwa da laka. Kuma a daina raina ta, wajen kashi 10 cikin 100 ce ta girman ƙwaƙwalwa amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiya na kai duka a cikinta suke. Ba ita ke ba da umarnin motsi ba, ita ke gyara shi ya tafi daidai, shi ya sa in ta taɓu mutum ba ya shanyewa, sai dai jiri da amai da tangaɗi, magana tana jan harshe, ka ce ya taɓa hancinsa da yatsa hannun yana rawa yana wuce wurin. Hajiya ki jaddada wannan gobe, mutane da yawa suna zama a gida suna cewa ai jiri ne kawai tunda ɓarin jiki bai mutu ba, alhali in wurin ya kumbura ya danne kututturen to numfashi ne a haɗari.

Malam Na-Zazzau: To tunda aikinta daidaita motsi ne me ya kai mu ƙeya? A sa mata suna da aikinta. Ni na ce DAIDAITAU. Gini ne na Hausa tsantsa, irin su makarau da mantau.

Abu Zainab: Allah gafarta Malam me zai hana madaidaiciya?

Malam Na-Zazzau: Madaidaiciya ai tana da mai ita, tsaka-tsaki ke nan. Daidaitau dai. Ciwonmu ke nan, Bature ya lanƙaya wa abu suna mu bi muna fassara masa kalma da kalma kamar harshenmu bai iya haihuwa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan a lakwal cervelet aka koya muna, kuma likitocinmu haka suka cewa. Amma kullum ku 'yan Najeriya ku ka yanke kalma ku kaɗai sannan ku ce ita ce daidaitacciyar Hausa, ba a tambayar mu.

Malam Na-Zazzau: Faransanci ka kawo mana ko Hausa? Shekara nawa ina koyar da nahawu, ba zan zauna a ce serebelum ko sarbele Hausa ce ba.

Ɗan Maraɗi: Asibiti da likita da kake faɗi fa, kakanka ya ƙirƙiro su?

Nas Rabi: Don Allah ku bari, baiwar Allah na jira. Malam ba raini ba, daidaitau ta yi daɗin faɗi amma in na ce wa mai jinya daidaitau ɗinsa ta taɓu sai ya tambaye ni sunan magani ne. Kuma kunnen ciki ma yana aikin daidaita tsayuwa, shi me za a kira shi?

Baban Khalifa: Ni ba ɗan boko ba ne, kai da ƙafa nake sayarwa. In an fasa kan rago akwai 'yar ƙullutuwa a baya daban da sauran ƙwaƙwalwar, zanenta sirara ne jere a jere ba irin manyan lanƙwasar sama ba, in ka yanka ta za ka ga fari-fari a ciki kamar reshen bishiya. Ita kuke nufi?

Dokta Sada: Ita ce Baba, ka ma fi littafi bayani. Me kuke ce mata?

Baban Khalifa: Ƙwaƙwalwa dai, duk tare ake dafawa. In yaro zai nuna ta sai ya ce ta ƙeya.

Maman Hanif: To alhamdulillahi. Da farko zan ce cerebellum sau ɗaya, in ce ƙwaƙwalwar ƙasan ƙeya mai daidaita motsi, daga nan sai ƙwaƙwalwar ƙeya har ƙarshen shiri. Dokta ya yi?

Dokta Sada: Don rediyo ya yi. A littafin ɗalibai ban yarda a cire "ƙasan" ba.

Malam Na-Zazzau: Kalma shida a wurin ɗaya. Ba komai Hajiya, Allah ya ba da sa'a, amma ni a ajina daidaitau zan ci gaba da koyarwa, ki ambace ta ko sau ɗaya ne mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Maman Hanif: In lokaci ya bari Malam.