'Yata tana so bayolin ya zama sana'arta: ina hanyar take?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. 'Yata shekararta 14, shekara biyu ke nan tana koyon bayolin, gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu. Malamin da ya ɗora ta ya bar gari, yanzu a YouTube take bin darasi. Ta kafe cewa kiɗan kilasika irin na su Bach da Mozart take so ta karanta, kuma da shi take so ta ci abinci. Ni da babanta ba mu hana ba, hanyar ce ba mu sani ba. Wace jarrabawa ake yi, wace makaranta ake shiga? Ba ta makara ba kuwa? Kuma wanda ya gama karatun, wasa yake yi a dandali ko koyarwa? A arewa muke zaune.

Mai Izga:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin jarrabawa, kafin makaranta, a nema mata malami mai rai wanda zai ga hannunta. Bidiyo yana nuna mata abin da ya kamata ta yi, amma ba ya ganin abin da take yi. Kurakuran masu koyo su kaɗai sanannu ne: babban yatsan hagu yana matse wuyan bayolin, wuyan hannu yana lanƙwashewa ya manne da katako, kafaɗar dama tana ɗagawa, izga tana tafiya a karkace maimakon ta bi layi ɗaya da jaki, wato ɗan katakon da ke ɗage tsirkiya. Yatsa in ya matse, hannu ba ya iya zamewa sama da ƙasa da sauri, sauti kuma ya riƙa kaucewa. Abin da jiki ya saba da shi shekara biyu yakan ci watanni kafin ya warware. In babu malami a garinku, a yi darasin kai-tsaye ta intanet sau ɗaya a mako, minti 45 zuwa awa ɗaya, a kafa waya a gefe yadda za a ga hannu biyun. Lokacin hutu kuma a kai ta Abuja ko Legas ta zauna gaba da gaba da malami, ko da kwana biyar ne.

Jarrabawar da aka fi sani ita ce ta ABRSM, hukumar da aka kafa a Landan a 1889. Manyan matakanta takwas ne. A jarrabawar ido da ido maki 150 ne: kiɗa uku, kowanne maki 30, sikel, wato hawa da saukar sauti, 21, karanta rubutun kiɗan da ba ta taɓa gani ba nan take, 21, gwajin kunne, 18. Da 100 ake ci, 120 yabo ne, 130 fice. Ba a barin ɗalibi ya zauna mataki na 6 zuwa na 8 sai ya ci mataki na 5 na ilimin ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa, kuma a nan yara da yawa suke tsayawa, domin sun iya gogawa amma ba su iya karatu ba. Tun 2020 akwai wani tsarin da ake ɗaukar kiɗa huɗu a bidiyo a jere ba yankewa, a aika ta intanet. Ga mutumin arewa wannan sauƙi ne babba. Sai dai babu sikel da karatun nan take a cikinsa, don haka dole malami ya ci gaba da tsare ta a kansu, in ba haka ba za ta riƙe takarda ba tare da ƙwarewar ba. Trinity ta Landan ma tana da irin waɗannan matakai, kuma ba ta gindaya sharaɗin mataki na 5 ɗin.

Batun makara, gaskiya ita ce yawancin manyan 'yan bayolin da suke yawon duniya su kaɗai a gaban okestura, wato babbar ƙungiyar makaɗa, sun fara ne tsakanin shekara 3 da 7. Wannan ƙofar ƙunci gare ta ko ga wanda ya fara da wuri. Amma zama ƙwararriyar da take wasa cikin ƙungiya tana kuma koyarwa, wannan a buɗe yake in ta kai mataki na 8 kafin ta kai shekara 18 ko 19. Yanzu awa ɗaya da rabi zuwa biyu a rana ya isa, a hankali ta kai uku. A raba lokacin: kashi ɗaya sikel da atisayen yatsu, kashi ɗaya gyaran wurare masu wuya a hankali da na'urar ƙidayar bugu, kashi ɗaya goga kiɗan daga farko zuwa ƙarshe kamar ana kallonta. Atisayen Wohlfahrt da Kayser ne na matakinta, guda 42 na Kreutzer sai nan gaba.

In doguwa ce mai dogon hannu, malami ya gwada ta da biyola, yayar bayolin mai kaurin murya. Masu gogarta ba su da yawa, ƙungiyoyi kuma kullum nemansu suke yi.

Malamin Piyano:

Malam Mai Izga ya gama da tushe, bari in ɗora da makarantu da abinci.

A Najeriya wurin da ya fi tsayawa a kan wannan kiɗan shi ne MUSON, wato ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, da ke Onikan a Legas. An kafa ƙungiyar a 1983, makarantarta tana da difloma ta shekara biyu, kuma gidauniyar MTN ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibai a can. Da gwajin kiɗa ake shiga. A jami'o'i, sashen kiɗa na Nsukka ne ya fi daɗewa, tun farkon shekarun 1960, akwai kuma na Ife da na Legas. Amma Hajiya ki lura da bambanci: digirin jami'a ya fi karkata ga tarihi da nazari da kiɗan Afirka, makarantar horon makaɗa kuwa a kan hannu take. Kafin a cike takarda a tambaya: wane ne malamin bayolin a sashen, kuma ɗalibi yana samun darasin shi kaɗai kowane mako? In amsar babu ce, za ta fito da digiri hannunta yana inda yake.

A waje, digirin farko shekara huɗu ne, na biyu galibi shekara biyu. Ƙashin bayan karatun shi ne awa ɗaya a mako da babban malaminta, sai atisayen okestura, wasan ƙaramar ƙungiya ta mutum huɗu, horon kunne, da piyano a matsayin kayan kiɗa na biyu. Royal Academy of Music ta Landan tun 1822 take, Juilliard ta New York tun 1905. Curtis ta Filadelfiya ba ta karɓar kuɗin karatu, amma ɗalibanta duka ba su kai 200 ba. Yawancin makarantun gwamnati na Jamus ba a biyan kuɗin karatu, ban da wasu, kamar na jihar Baden-Württemberg da take karɓar Yuro 1,500 a zango daga 'yan wajen Tarayyar Turai tun 2017. Sai dai ana neman harshen Jamusanci da shaidar kuɗin zama. Duk inda za ta je, sakamakon sakandare ba shi ne mai yanke hukunci ba. Mintoci kaɗan na gwaji ne: ɓangaren kwancato ɗaya, wato dogon kiɗan da okestura ke raka makaɗi ɗaya, da kiɗan Bach na bayolin shi kaɗai, sau da yawa da ka. A Ingila ana rufe karɓar takardu wajen farkon Oktoba, a Amurka wajen farkon Disamba, kuma da bidiyo ake fara tace mutane.

Kujera a okestura, ita ce aikin albashi, kuma samunta da wuya. Kujera ɗaya takan tara masu nema fiye da ɗari. Zagayen farko a wurare da yawa bayan labule ake yi don kada alƙalai su ga fuska. Za a ce ki goga farkon kwancaton Mozart, sai gajerun wurare masu wuya daga kiɗan okestura, irin shafin farko na Don Juan na Richard Strauss. Abin da ke kayar da mutane ba rashin daɗin sauti ba ne, gudu ne: tsoro ya sa a yi gaba da bugu, ko sauti ya kauce a sama. Wanda ya ci ma sai ya yi shekarar gwaji kafin a tabbatar da shi. Jamus kaɗai tana da okesturori na ƙwararru fiye da 120 da hukuma ke tallafawa. A Najeriya irin wannan kujerar ta albashin wata-wata kusan babu ita, ana biya ne wasa-wasa.

Shi ya sa nake roƙon a cire wa yarinyar tunanin cewa koyarwa aikin wanda ya kasa ne. Yawancin masu wannan sana'a a ko'ina haɗawa suke yi: ɗalibai a gida, kwana biyu ko uku a makaranta, wasan biki da taro da coci, ɗaukar sauti a sutudiyo. Manyan ma haka suke. Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, ya yi suna da kaɗa ogan, kayan kiɗan coci mai kama da piyano, a Landan, ya ƙare yana koyarwa a jami'o'in Amurka. Akin Euba ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Trinity a Landan, ya zama farfesa a jami'ar Pittsburgh ta Amurka. Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, sai da ta kai shekara 18 ta kama babban gogen nan na bes bayan raunin gwiwa ya raba ta da tsere. Ta yi shekaru tana jagorantar sashenta a okestura, tana koyarwa a Royal Academy, sannan ta kafa okesturar Chineke a 2015.

Ɗan Damagaram:

Abu biyu da ba a taɓo ba, kayan da jikin.

Hunturunmu makashin bayolin ne. Katakon yana son danshin iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a hunturu kuwa yakan sauka ƙasa da 20. Katako ya tsuke, kunnuwan ɗaure tsirkiya su riƙa sulɓewa, haɗin gefe ya buɗe, wani lokaci fuskar ta tsage. A sa ɗan soso mai laima cikin robar da aka huhhuda a ajiye a akwatin, kada ya taɓa katako, a riƙa jiƙa shi. Gashin izga ma tsukewa yake yi har ya iya karya kan sandar, don haka a sassauta shi duk bayan wasa. Kada a taɓa kwance tsirkiya huɗu a lokaci ɗaya: akwai ɗan ginshiƙi a ciki da nauyin tsirkiya ke riƙe da shi, in ya faɗi sai mai gyara. Ɗaya bayan ɗaya ake canzawa, kamar duk wata shida ga mai gogawa kullum. A riƙa duba jaki, yana sunkuyawa gaba a hankali saboda ɗaurin tsirkiya. In wuri ya buɗe, kada kafinta ya sa masa gam mai kama nan take. Da gam ɗin fata ake haɗa bayolin don a iya buɗe shi a gyara. Kada kuma a bar shi cikin mota a rana. Ƙaron da ake shafa wa izga, kaɗan ya isa, a share ƙurarsa da busasshen ƙyalle.

Jiki kuwa, ciwo ba alamar ƙoƙari ba ne. Yawanci yana zuwa ne idan aka yi tsalle daga awa ɗaya zuwa huɗu saboda jarrabawa ta matso. Ta huta minti 10 bayan kowane minti 45 ko 50. In yatsu sun fara mutuwa ko wuyan hannu yana zafi har washegari, a tsaya a ga likita. Leon Fleisher, babban ɗan piyanon Amurka, yatsun damansa sun daina yi masa biyayya a 1964 yana tsakiyar tashe. Shekaru da yawa da hagu kaɗai ya yi wasa, yana koyarwa a makarantar kiɗa ta Peabody.

Maman Biyu:

Allah ya saka da alheri, kun buɗe mana ido. Saura ɗaya. Maƙwabta sun fara cewa ta koya wa ƙananan yaransu su biya ta. In bar ta? Kuma koyarwar ita ma ana karantarta ne?

Malamin Piyano:

Amin, Hajiya. A ganina kada ta karɓi ɗalibi nata na kanta yanzu. Riƙon da ba a gyara mata ba shi za ta dasa a hannun yaron, kuma shekarar farko ita ce mafi wuyar koyarwa, ba mafi sauƙi ba. Abin da za ta iya shi ne zama gefen malami tana kallo, tana ɗaure wa yara tsirkiya, tana taya su maimaita abin da aka ba su. In ta wuce mataki na 6 kuma malaminta ya yarda da hannunta, sai ta ɗauki yaro ɗaya ko biyu yana duba aikinta.

Eh, ana karanta koyarwa. ABRSM da Trinity duka suna da diflomar koyarwa daban da ta wasa. Tsarin Suzuki na Japan, wanda yaro ke farawa da kunne kafin rubutu kuma uwa ko uba ke zama a darasi, yana da nasa horon malamai mataki-mataki. Ta kuma koyi piyano ko kaɗan, domin malamin da zai iya raka ɗalibinsa da piyano ya fi samun aiki a makarantu.

In lokacin ya zo, ga abin da ke ɓata wa sababbin malamai aiki. Ba wa yaro bayolin da ya fi shi girma: akwai rabi, akwai kashi uku cikin huɗu, cikakken sai wajen shekara 11 ko 12. A sa yaron ya miƙa hannun hagu a ƙarƙashinsa, in tafinsa bai zagaye kan ba, ya yi masa girma. Darasin ɗan shekara 6 kada ya wuce minti 30, kuma gyara ɗaya ake ba shi ya tafi da shi gida, a rubuta wa iyaye a littafi. Kuɗi a karɓa na zango gaba ɗaya tun farko, a kuma faɗi ƙa'idar fashi, in ba haka ba rabin darussan za su tafi a "yau muna da biki". Sannan ta tsare awa biyu na safe don nata atisayen kafin ɗalibi na farko ya shigo, domin malamin da ya cika mako da darussa ya daina taɓa kayansa, cikin shekara biyu ɗalibansa manya za su ji a sautinsa, su nemi wani.